Ɗaki Ɗaya a Sharada

Daga Gumel

Ana kiran assalatu muka fito daga gida, ni da Baffa Sale. An kwana ana ruwa, layinmu duk caɓi, sai da na tattare zanina na riƙe a hannu. Abba, ɗana mai shekara biyar, yana barci a ɗakin Inna. Ban tashe shi ba, don na san in ya buɗe ido sai an sha kuka. Na ajiye maganin shaƙarsa na asma a kan taga, na sake nuna wa Inna yadda ake dannawa. Ta ce, "Ke dai je ki. Wa ya raine ki?"

Ni malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Gumel. Jami'a a Kano ta ba ni gurbin digiri na biyu, kuma binciken da zan yi a kan ruwan da kamfanoni ke saki ne a Sharada da Challawa da Bompai. Ɗakin kwanan ɗalibai ba a shiga da yaro, ni kuma tun rasuwar mahaifin Abba ban iya nisa da shi. Dole sai haya. Da na kai wa Baba maganar, sai ya ce, "Ku je da Baffanki. In ya ce gidan ya yi, ki tafi. In ya ce bai yi ba, ki haƙura da karatun nan." Mako mai zuwa za a rufe rajista.

Baffa Sale ƙanin Baba ne. Ya yi shekara ashirin yana aiki a wata masaƙa a Bompai, har ranar da aka rufe ta. Ya dawo gida ya kama noman gero da riɗi, bai sake taka Kano ba. Amma shi a wajensa har gobe ɗan gari ne. A tasha ma sai da ya faɗa wa ɗan kamasho, "Ni Kano ba lungun da ban sani ba." Ya rungumo ƙullin riɗi da daddawa, tsarabar abokinsa Malam Iro, wanda suka yi aiki tare. Ya ce Iro yana da ɗakunan haya, kafin azahar za mu gama komai.

Mutum huɗu aka cusa mu a baya, biyu a gaba. Mun tsaya a shinge biyu kafin Gujungu, aka leƙa but ɗin motar, aka ɗaga mana hannu. A Ringim na sayi ƙosai ta taga, ya huce kafin ya iso hannuna. Direba ya hango ni ta madubi ya ce, "Malama, asibiti za a je?"

Na ce, "Neman gidan haya."

Ya yi dariya har da dukan sitiyari. "Allah Ya ba da sa'a. Ni shekara uku ina nema, har yanzu a ɗakin ƙanina nake raɓe."

Baffa ya ce, "Ai kai ba ka san mutane ba ne."

Muka wuce Gezawa, da hantsi muka sauka a Yankaba.

Bompai

Na tsayar da adaidaita, Baffa ya hana. Ya ce nan da can ne, ba sai an ɓata kuɗi ba. Muka kama tafiya a ƙasa, jakata a kafaɗa. Manyan motoci suna wucewa suna watsa mana ruwan kwatami. Inda Baffa ya ce akwai bishiyar maina, gidan mai muka tarar. Inda ya ce za mu yanke ta fili, katanga ce doguwa mai waya a kai. Sau biyu muna dawowa mararraba ɗaya. Takalmina ya fara cin diddigena.

Da ƙyar muka samu masaƙar. Ban san me ya sa ya fara kai mu can ba, tunda ba gidan haya ba ne, amma ban tambaya ba. Ƙofar ta yi tsatsa, ciyawa ta fito a kan rufin. Gefe ɗaya an mayar da shi sito, 'yan dako suna ta lodin buhuna. Maigadin wani Buzu ne, ya ba mu benci, ya zuba mana shayi a ɗan ƙaramin kofi. Baffa ya shiga jero masa sunaye. Wane fa? Wane mai kula da injin rini fa? Maigadi yana ta girgiza kai. Ya ce, "Baba, ni bara na zo daga Damagaram."

Baffa ya nuna mini wata taga da gilashinta ya farfashe. "Kin ga can? Nan injina yake. In an kunna su duka, ko kunnenki aka yi wa ihu ba za ki ji ba. Da hannu muke magana." Ya tsaya yana kallon tagar har shayinsa ya huce.

Gidan Malam Iro yana wata unguwa a bayan kamfanonin. Shi kam Baffa bai ɓata ba. Ya yi sallama a soro da ƙarfinsa, yana murmushi, yana cewa a gaya wa Iro ga Sale na Gumel. Wata dattijuwa ta fito tana dogara sanda. Ta dube shi ta dube shi, sannan ta ce, "Malam Sale? Ashe ba ku ji ba. Malam ai ya shekara huɗu da rasuwa."

Baffa ya zauna a kan dakali. Ƙullin riɗin yana cinyarsa, ya rasa inda zai ajiye shi. Ya yi ta salati a hankali. Can ya miƙa mata ƙullin ya ce, "Nasa ne."

Sunanta Iya Ladi. Ta shigar da ni ciki, ta sa aka shimfiɗa wa Baffa tabarma a soro, ta kawo mana tuwon masara da miyar kuɓewa. Da na gaya mata abin da ya kawo mu, ta ce lallai akwai ɗaki ɗaya da ba kowa. Ta buɗe mini. Kuɗinsa bai kai rabin abin da na tanada ba, har na fara lissafin inda katifa za ta zauna. Sai ta nuna mini bango da sandarta. Akwai zanen ruwa a jiki, ya kai gwiwa.

Ta ce, "Wannan na watan jiya ne. Kuma daga nan zuwa makarantarku mota uku za ki hau. In karatu ya kai ki magariba fa? Ni bayan magariba ba na aiken kowa. A bakin layin nan aka tare jikata da wuƙa aka karɓe mata waya." Ta ja ƙofar ta rufe. "Ina son kuɗin, 'yar nan, Allah Ya sani. Amma ba zan ba ki ba. Ku dai kwana a nan har ku samu."

Hotoro da Nassarawa

Washegari wani maƙwabcin Iya ya haɗa mu da dillali, Ɗan'azumi. Kafin ya ɗaga ƙafa sai da ya karɓi kuɗin duba gida, kuma mu ne masu biyan adaidaita. Yana tafe waya biyu a hannu, kowacce tana ƙara.

A Hotoro ya nuna mana ciki da falo. Ga famfo, ga ƙofar ƙarfe a bakin layi, ga makarantar yara kusa. Na tsaya a tsakiyar falon na ji kamar in zauna a ƙasa in ce na iso. Da ya faɗi kuɗin, ya ninka nawa sau uku, ban da la'adarsa. Baffa ya ce, "Saye ko haya?" Ɗan'azumi bai yi dariya ba. Ya nuna mana wasu biyu a unguwar, duk labarin ɗaya ne.

Daga nan ya ce akwai wani ɗaki a bayan gidan wani Alhaji a Nassarawa, wanda ba don kuɗi yake bayarwa ba, so yake a samu mutum a wajen. Unguwa ce shiru, ga itatuwa, ga masu gadi. Alhajin ya fito da carbi a hannu, suka gaisa da Baffa. Ni ko kallon inda nake bai yi ba. Ya faɗi kuɗi, kuma ga mamakina, zan iya. Sai ya ce, "Ina maigidan? Aiki yake?"

Baffa ya ce, "Allah Ya yi masa rasuwa. Ita ce da ɗanta. Malama ce, karatu za ta ƙaro."

"Allah Ya jiƙansa." Ya ja carbi sau biyu. "Malam, kada ka ji haushi. Ba na ba mace ita kaɗai."

"Ni ubanta ne, Alhaji. Ga ni a gabanka."

"To ka zo ku zauna tare, sai in ba ku."

A bakin titi Ɗan'azumi ya rage murya ya ce, "Laifinku ne. Da kun ce mijin yana Legas yana kasuwanci, da yanzu makulli yana hannunku. Kowa haka yake yi. Akwai wani gidan a gaba, ku bar ni in yi magana."

Na dubi Baffa. Gaskiya da ya yi shiru, da ni ma shiru zan yi. Amma ya ce, "A'a. Mamaci ba a tayar da shi don ɗaki." Ɗan'azumi ya ɗaga kafaɗa, ya ce to sai dai Challawa, can ne kuɗina zai yi magana.

Challawa

Tafiyar ta yi nisa. Muka bi ta titin gidan zoo, muka sha cunkoso, muka canza adaidaita, muka kama hanyar Panshekara. Mun yi azahar a wani masallacin bakin hanya, muka ci gurasa a tsaye. Diddigena ya riga ya fashe, na cusa 'yar takarda a takalmin.

Gidan sabo ne fil, a gefen gari, ba nisa da katangun kamfanonin fata. Ɗaki da banɗakinsa a ciki, an sa tayil, fenti ko bushewa bai gama yi ba. Mai gidan manomi ne ɗan asalin wajen, mutum mai fara'a. Da Baffa ya gaya masa halin da nake ciki, sai ya ce, "To mene ne? Ai marayu amanar kowa ne. Ta zo, matana suna nan, ba abin da zai same ta." Kuɗin ya yi daidai da aljihuna, har da ɗan saura. Kuma wajen da zan riƙa ɗibar ruwan bincikena yana nan kusa, da ƙafa ma zan je. Baffa sai gyaɗa kai yake. Hankalina ya kwanta a karon farko tun da muka baro gida.

Muna tsaye ana maganar ranar tarewa, bayan la'asar, sai iska ta juyo.

Ban san yadda zan kwatanta warin ba. Kamar ruɓaɓɓen ƙwai da mushe da wani abu mai yaji da ke kama maƙogwaro. Na leƙa bayan ɗakin. Ashe lambatu ne ya bi ta gindin katangar, ruwan baƙi ƙirin, kumfa tana yawo a kai. Na san irin ruwan, shi ne ma zan shekara biyu ina aunawa. Ɗaya daga matan gidan ta ga na toshe hanci da mayafi, ta yi dariya ta ce, "Kwana uku za ki saba. Mu yanzu ko ji ba ma yi." Daga cikin gida ina jin wani yaro yana tari, irin busasshen nan da na sani.

Duk da haka na buɗe jakata. Na gaji. Na ce a raina zan riƙa rufe taga, zan sayi labule mai kauri, zan ƙaro maganin shaƙa, ai shekara biyu ce kawai. Har na kama zif ɗin da kuɗin ke ciki.

Sai Baffa ya fara tari. Da ma yana da shi, kowa a gida ya san tarin Baffa, tun zaman masaƙa. Amma ban taɓa ganin ya kama shi haka ba. Ya dafa bango, ya duƙa, hularsa ta faɗi, idanunsa suka yi ja suna hawaye. Mai gidan ya ruga ya kawo ruwa. Muka fitar da shi bakin hanya, muka zaunar da shi a kan wani dutse. Ya daɗe kafin numfashinsa ya dawo.

Da ya iya magana, ya ce, "Zulai, rufe jakar nan."

"Baffa, ai ba kullum iskar ke juyowa ba."

"Ni ƙurar auduga na shaƙa shekara ashirin. Da girmana na shiga, da sanina, don in ciyar da iyali. Kin ga abin da ta bar mini. Abba bai zaɓi komai ba." Ya ɗauki hularsa ya kaɗe. "Bai yi ba."

Muka ba mai gidan haƙuri. Bai ji haushi ba, har rake ya ba mu. Ɗan'azumi kuwa ya ce shi ya yi iya nasa, ya tare adaidaita ya tafi abinsa.

A hanyar komawa hadari ya taso, ruwa ya tsuge, labulen adaidaitar a yage yake, duk ta gefena yake shigowa. Ban san sanda bakina ya kuɓuce ba. Na ce, "To Baffa, ina kuke so in je? Mai kyau ba kuɗi, mai araha ba lafiya, wanda ya dace kuma sai da miji. Ko dai da ma so kuke in koma gida in zauna?"

Tun da nake ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya cire babbar rigarsa ya tare gefen da ruwan ke shigowa, ya riƙe ta haka har muka sauka.

Mun isa gidan Iya Ladi ana kiran magariba, sharkaf. Inna ta kira, ta ba Abba wayar. Ya ce, "Umma, kin samo mana gidan?" Na ce saura kaɗan. Da na kashe wayar na kifa kai a gwiwa. Iya tana gefe tana gyaran wake, ba ta lallashe ni ba. Can ta ce, "Gobe ki rabu da dillalai. Ki je Sharada da sassafe, ki zauna wajen mata masu abinci. Su suka san wanda ya tashi da wanda ya tare."

Sharada

Da safe na gaida Baffa a soro, na ce ya yafe mini maganar jiya. Ya ce, "Wace magana? Ɗauko jakarki."

Mota uku muka hau. Mun isa ma'aikata suna shiga aikin safe, wasu a bas, wasu a adaidaita, mafi yawa a ƙasa, kowa da 'yar ledarsa. 'Yan aikin dare kuma suna fitowa, idanu jajur. A gefen wani kamfanin roba akwai rumfar abinci, benci uku, manyan tukwane biyu. Muka zauna, na sayo mana shinkafa da wake da mai da yaji. Mai abincin wata ƙatuwar dattijuwa ce, ba ta murmushi, tana zuba abinci tana ba da canji tana faɗa da masu cin bashi, duk a lokaci ɗaya. Hajiya Tabawa ake ce mata.

Na jira har layin ya ragu, sannan na matsa na gaishe ta, na ce ko ta san inda ake ba da ɗaki. Ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi. Ta tambayi garinmu, da aikina, da yaran da nake da su. Na faɗa mata komai, har da rasuwar da asmar, don na gaji da ɓoye-ɓoye tun kafin in fara. Ta ce, "Zauna in sallami mutane."

Sai da hantsi ya yi sosai ta kife tukwane, ta ce mu biyo ta. Muka bar titin kamfanonin, muka shiga cikin tsohon gari, lungu bayan lungu, har ƙarar injina ta koma can nesa. Gidanta ne. Gidan ƙasa da aka yi wa siminti, tsakar gida mai faɗi, ga bishiyar darbejiya, ga tsofaffin tukwane a jingine. Duk 'yan hayar mata ne, yawancinsu ma'aikatan kamfani. Ɗaya ta yi aure satin da ya wuce, ɗakinta ne ya saura.

Ɗakin falle ɗaya ne, ƙarami. Simintin ƙasa ya tsage. Bayi na haɗaka, ruwa sai an saya wajen 'yan garuwa, wuta kuma in an kawo an gode. Na duba bangon, ba zanen ruwa. Taga tana kallon gonar wani, dawa ta yi tsayi. Hajiya ta ce ana rufe ƙofar gida bayan isha, 'yan aikin dare kafin nan sun fita, kuma akwai 'yan sintiri a layin. Zuwa jami'a adaidaita ɗaya ce. Kuɗin, in na matse, zai isa.

Baffa ya nemi izini ya shigo. Bai dubi ƙasa ba, bai dubi rufi ba. Ya shiga ɗakin, ya rufe taga, ya ja ƙofa, ya zauna a ciki shi kaɗai. Muna tsaye a waje ni da Hajiya, tana kallona kamar in yi mata bayani. Ya daɗe. Ina ta saurare, ban ji tari ba. Da ya fito ya ce zai je masallaci. Daga baya na gane ba salla kaɗai ta kai shi ba, ya zauna da liman da dattawan layin ya yi tambayoyinsa.

Da ya dawo, Hajiya ta ce, "Ni ba ruwana da kina da miji ko ba ki da shi. Ni ma nawa yana ƙasa. Amma ba na ba baƙo ɗaki sai wani mazaunin garin nan, mai gida, ya zo da ƙafarsa ya tsaya masa. An taɓa yi mini ba daɗi."

Baffa ya ce, "Hajiya, ni shekara ashirin na yi a garin nan."

"Na ji, Malam. Yanzu fa? Wa kake da shi?"

Ya buɗe baki. Na ga yana lalubo sunaye a ransa ɗaya bayan ɗaya, yana ajiyewa. Ya rufe bakin, ya sunkuyar da kai. Hajiya ta ce ba ta son ta matsa mana, amma akwai wata da za ta zo gobe da safe da yayanta.

Muka fito soro muka zauna. Malamin da zai duba bincikena ban taɓa ganinsa ido da ido ba, ba zan iya kiransa ya zo ya tsaya mini a kan ɗaki ba. Na kira Iya Ladi don kawai in ce mata kada ta jira mu da abincin rana. Ta ce, "Ya ake ciki?" Na gaya mata. Ta ce, "Wane layi ne?" Na ce, "Iya, ba don ki zo na faɗa ba, ga ƙafarki." Ta ce, "Na tambaye ki ƙafata? Wane layi?"

Ana gab da la'asar adaidaita ta tsaya a bakin lungun. Sai da ni da direban muka kama ta ta sauko. Ta sa mayafinta na zuwa biki, ta shafa turare, gumi yana bin fuskarta. Daga bakin lungu zuwa ƙofar gida sau biyu tana tsayawa ta huta.

Suka zauna da Hajiya a tabarma ɗaya. Suka gaisa, suka yi maganar ciwon gwiwa da man da ake shafawa, suka yi maganar tsadar gawayi, suka gano cewa sun taɓa haɗuwa a wani gidan suna a Ƙurna. Ni ina rakuɓe kamar ba don ni aka taru ba. Sai can Hajiya ta nuna ni da haɓa ta ce, "Me take a wajenki?"

Iya ta ce, "Shekaranjiya na fara ganinta, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma Baffanta da maigidana shekara ashirin a kwano ɗaya suke cin abinci. Kwana biyu tana gidana, na ga sallarta, na ga yadda take wanke kwano. In ta yi ba daidai ba, ga gidana can bayan Bompai, ba inda za shi."

Hajiya ta kwance bakin zaninta ta ciro makulli ta ajiye a tabarma. Ta ce, "Yaron kada ya taɓa mini tukwane."

Na biya. Muka raka Iya har gida, wannan karon na yi mana shatar adaidaita ɗaya, ko da Baffa ya ce ɓarna ce.

Komawa gida

Da safe muka yi sallama. Na ba Iya ɗan abin da ya rage a jakata, ta mayar mini da shi cikin hannu ta matse yatsuna a kai. Ta ce in Abba ya zo a kawo mata shi ta gani.

A Yankaba muna jiran mota ta cika, Baffa yana kallon titi, ya ce, "Ni da Kano kuma sai dai labari. Wadda na sani ta tafi da mutanenta." Ban san abin da zai gaya wa Baba ba, kuma ban iya tambaya ba. Na biya kuɗin ɗaki, amma hukuncin ba a hannuna yake ba.

Mun iso Gumel bayan azahar. Baba yana zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na koma gefe. Ya ce, "To, Sale?"

Baffa ya ce, "Yaya, ɗakin ƙarami ne. Ƙasansa a tsage. Bayi na haɗaka ne, ruwa saye ake yi."

Baba ya ce, "Bai yi ba ke nan."

Baffa ya ɗaga hannu. "Ban gama ba. Na shiga na rufe taga na zauna, ƙirjina bai motsa ba. Na tambayi liman, ya ce tun yana yaro ya san matar, gidanta ba a shiga da wasa. Kuma matar Iro ta ratsa gari da sanda ta je ta tsaya mata."

"Iro na masaƙa? Yana nan ashe?"

"Ya rasu, Yaya. Shekara huɗu. Ba wanda ya gaya mini."

Baba ya yi salati. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Allah Ya sa albarka a karatun. Ki shirya."

Na ɗauka in na ji wannan kalma zan yi tsalle. Ko murmushi ban iya yi ba, na dai ce na gode, na miƙe da ƙyar.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Baffa Sale da ya sha rana da ruwa da baƙar magana saboda ni. Na gode wa Hajiya Tabawa. Iya Ladi kuwa ban san da bakin da zan gode mata ba. Allah Ya jiƙan Malam Iro, wanda ban taɓa gani ba, amma na ci albarkacinsa.

Da na shiga cikin gida Abba ya rugo ya rungume ƙafafuna, yana tambaya ko gidan namu yana da akuya. Na ce sai mun je zai gani. Na zauna a bakin gadon Inna don in cire mayafi, ban san sanda na kishingiɗa ba. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne 'yan hannayensa a ƙafata, yana ta fama ya cire mini takalmi, Inna tana ce masa, "A hankali, akwai ciwo."